Koren Tamfol a Fuskar Amarya: Yadda Muka Gyara Kalar Bidiyon Wani Biki a Gombe

Wata Talata cikin hunturun da ya wuce yayan amarya ya shigo shagona da ke Pantami riƙe da filash, fuskar nan ba annuri. Ko zama bai yi ba ya ce, "Malam, a gida an ce ba wannan yarinyar muka aurar ba." Filash ɗin namu ne, mu muka kai musu kwana uku kafin nan. Bidiyon bikin ƙanwarsa ne a ciki, kamu da dina. A makon ina Kaltungo wajen wani aiki, yaron shagona ne ya tace, ya kuma miƙa ban sa ido ba. Wannan sakacin nawa ne, ba na yaro ba.

Na saka a kwamfuta muka kalla tare, na ga da gaskiyarsa. Amarya wankan tarwaɗa ce mai ɗan duhu, irin fatar da ta sha dilka ta yi sheƙi, amma a bidiyon ta fito furu-furu kamar wadda ta wuni a injin niƙa. A sashen kamu ga wani kore-kore a goshi da karan hanci, ka ce zazzaɓi ne ya kwantar da ita. A dina kuwa ango, wanda baƙi ne sosai, ya koma ruwan toka, farar shaddarsa ta ƙone fat, ko aikin wuyan ba a gani. Na ba shi haƙuri, na roƙi kwana huɗu.

Da ya fita na kira yaron. Ya ce, "Oga, su suka ce a haska amarya, shi ne na haska." Na buɗe aikin nasa na ga yadda ya haska ɗin. Ya ɗaga inuwar hoton baki ɗaya, tun daga farkon bidiyon har ƙarshe, gyara ɗaya ya shimfiɗa wa kowace ɗauka, ta rana da ta dare. Da ya ga hoton ya koɗe sai ya ƙara ƙarfin kala. Da koren ya ƙara fitowa sai ya ɗora lut, wato kalar gwangwanin nan da ake saukewa daga intanet. Garin neman gira aka rasa ido.

Abin da kyamarori suka kawo

Kyamara biyu aka yi aikin da su, na kamfani biyu daban, kowace tana ɗauka a bit 8, hoto 25 a daƙiƙa. Wannan bit 8 ɗin shi ne iyakar gonar da za mu noma. Hoton bidiyo launi uku ne aka haɗa: ja, kore da shuɗi, kowane da magudanarsa, abin da 'yan sana'a ke kira canel. A bit 8 kowace magudana mataki 256 take da shi daga baƙi zuwa fari. A bit 10 mataki 1,024 ne. Sannan irin waɗannan kyamarori suna matse launi a tsarin 4:2:0, ma'ana kowane ɗigo na hoton yana da bayanin haskensa, amma ɗigo huɗu ne ke raba bayanin launi ɗaya. Irin wannan hoto kamar robar da ta sha rana ne, ka ja kaɗan ta bi ka, ka ja da ƙarfi ta tsinke, sai ka ga layi-layi a bango da tsaki-tsaki a kumatu.

An yi kamun a tsakar gida a Jekadafari da la'asar, ƙarƙashin rumfar koren tamfol. Rana na bi ta cikin tamfol ɗin tana sauka a kan jama'a, don haka hasken da kansa kore ne. Kyamara ta ɗaya an tsayar da farinta a Kelbin 5,600, ma'aunin hasken rana, ta kwashi koren yadda yake. Ta biyu an bar ta tana zaɓar fari da kanta, shi ya sa duk sanda mai ɗauka ya juya daga ƙarƙashin rumfa zuwa fili sai kalar ta sauya a tsakiyar ɗauka. Dina kuma a wani ɗakin taro ne ta wajen Tumfure, inda aka kunna fitilun ado masu launin shunayya suna haska kujerar ango da amarya.

Na goge duk abin da yaron ya yi, na ɗauko asalin fayilolin, muka koma DaVinci Resolve daga farko. Manhajar ta kamfanin Blackmagic Design ce ta ƙasar Ostireliya, wanda ya saye ta a 2009, kuma akwai sigarta ta kyauta, da ita muke aiki. Mai amfani da Premiere Pro zai samu kusan duk waɗannan ma'aunai a sashen Lumetri.

Fari tukuna, fata daga baya

Kafin in taɓa komai na sa aka saki labule, aka kashe ƙwan shagon. Bangonmu shuɗin fenti ne, kuma ido yana da saurin sabo. Ka zura wa koren hoto ido na minti biyu, zai fara yi maka kama da daidai. Haka ya faru da yaron nan. Ya wuni a gaban koren har ya daina ganinsa. Saboda haka ba na yarda da idona shi kaɗai, sai na buɗe ma'aunai.

Na farko shi ne wanda ake kira fareti. Yana jera magudanan nan uku gefe da gefe, ja a hagu, kore a tsakiya, shuɗi a dama, daga 0 a ƙasa zuwa 1,023 a sama, domin shi a ma'aunin bit 10 yake ƙirga. Ƙa'idarsa mai sauƙi ce: duk abin da yake fari ko baƙi ko ruwan toka na gaskiya, tilas kawunan ukun su tsaya a tsayi ɗaya a daidai wurinsa. Aikin shi ne samo abin da ka tabbata fari ne a cikin hoton. Yaron ya nuna mayafin wata dattijuwa. Na ce a'a. Farin tufafinmu ba abin yarda ba ne, yawanci ya sha bula wajen wanki, yana da shuɗi-shuɗi. Ka tilasta masa zama fari tas, sai sauran hoton ya karkata zuwa rawaya. Muka bi ɗaukar a hankali har muka samu wata farar kujerar roba sabuwa a bayan amarya, a ƙarƙashin rumfar ita ma. Baƙi kuma muka ɗauki jikin sifikar mai kiɗa.

A daidai kujerar, kan koren ya zarce na ja da na shuɗi ƙarara, kamar dogo a sahun gajeru. A shafin kala akwai faifai huɗu: na inuwa, na tsaka-tsaki, na haske, da na huɗu mai motsa hoton gaba ɗaya. A ƙarƙashin kowane akwai lambobin magudanan uku. Na fi son taɓa lambobin a kan in ja ɗigon tsakiyar faifan da linzami, don hannu kan zarce. Na rage kore a faifan haske har kawunan suka daidaita a kan kujerar. Na sauko kan sifika na daidaita gindinsu da faifan inuwa. Sai na koma sama, domin taɓa ƙasa yana ɗan motsa sama, na sake gyarawa. Sau uku na yi wannan kai-kawo kafin su zauna.

Abin lura a nan: kowane launi yana da kishiya. Kishiyar kore majenta ce, ta shuɗi rawaya, ta ja kuma wani shuɗi-kore mai ruwan sararin samaniya. Rage kore daidai yake da ƙara majenta. Ka wuce gona da iri, fuskar da ta yi kore ɗazu sai ta koma ruwan hoda kamar ta mai shafe-shafen mai, kuma wannan ya fi koren muni a idon dangi.

Kyamara ta biyu ta ci mana lokaci ba don wuya ba. Duk inda kalar ta sauya na yanka ɗaukar gida biyu ko uku, kowane guntu da gyaransa, na sa narkewa a tsakani don kada a ga tsalle.

Da aka gama wannan kaɗai, ban taɓa fatar kowa ba, kusan kashi biyu cikin uku na matsalar kamun ta tafi. Yaron ya yi shiru yana kallo.

Layin fata

Ma'auni na biyu da'ira ce, bektaskof. Ba ruwanta da haske, launi kawai take nunawa: kusurwa ita ce jinsin launin, nisa daga tsakiya kuma ƙarfinsa. A cikinta akwai wani layi da ake kunnawa, yana fita daga tsakiya zuwa wajen ƙarfe 11 na agogo, tsakanin ja da rawaya. Shi ne layin fata. Abin da ya fi ba sababbin shiga mamaki shi ne, Bature da Bafulatani da Batangale duk a kusa da layin nan fatarsu ke sauka. Jinin da ke gudu a ƙarƙashin fata iri ɗaya ne, sinadarin melanin mai ba ta duhu shi ma jinsin launinsa kusan ɗaya ne, yawansa ne ya bambanta. Abin da ya raba fari da baƙi yawanci haske ne da ƙarfin kala. Layin yana gaya maka ko fatar ta karkata kore ko ja. Ba ya gaya maka hasken da ya dace da mutum. Wannan sai ka san mutumin.

Na zana 'yar taga, wato zagayen da ke ware wani sashe na hoto, a kan kuncin amarya don ma'aunin ya karanta fata zalla. Kuncin ya zauna a kan layin. Na matsar da tagar zuwa goshi, sai alamar ta zame ɓangaren rawaya. Dalili a fili yake: koren daga sama yake saukowa, goshi da karan hanci suka fi kwasa, ƙasan fuska kuma yana samun hasken da ke dawowa daga jan kafet. Haske biyu a fuska ɗaya, gyaran gaba ɗaya ba zai warkar da shi ba. Fata mai duhu da ta sha mai kuma tana da wani hali: sheƙinta madubi ne, launin fitila ko na rumfa take mayarwa, kuma ya fi fitowa a kanta fiye da a kan farar fata.

Nan aka zo ga matsinci, kayan aikin da ke tsince launi ɗaya a hoto ya bar saura. Na ɗora shi a kan fata, sai ya kwaso har da leshin amarya mai ruwan goro, da ƙoren da aka jera na ado, da katangar gidan. Duk 'yan gida ɗaya ne da fata a wajen launi. Dole na haɗa shi da taga mai zagaye fuska da wuya, na sa mabiyi ya riƙa bin kanta duk inda ta juya. Inda ƙawaye suka gitta ta gabanta mabiyin yakan ɓace, sai in bi da hannu. Gefen tsintar ya fito da haƙora-haƙora saboda matsin 4:2:0 ɗin nan, na tausasa shi sosai. Gara tsinta mai laushi da ta ɗan zarce a kan mai kaifi da ke rawa a fuska. A cikin tagar na buɗe lanƙwasa, wato layin da ake lanƙwasawa don gyara hoto, irin mai juya jinsin launi, na kama rawaya-koren goshin na tura shi kaɗan zuwa ja. Kaɗan ƙwarai. Idan mai kallo ya iya nuna inda aka taɓa, an ɓata.

Abu biyu na kiyaye. Na farko lalle. Jan lallen hannunta yana zaune dab da launin fata a da'irar, duk abin da ka yi wa fata yana shafarsa, kuma mata za su tsayar da bidiyo su duba zanen. Na cire hannayen daga tagar. Na biyu kwalliya. Hodar da aka yi mata ta fi wuyanta haske, ta kuma fi shi rawaya. Wanne ne kalarta ta gaskiya? Wuya da damtse na ɗauka a matsayin ma'auni. Ban goge kwalliyar ba, kuɗi aka biya aka yi ta, tazarar kawai na rage don kada fuskar ta zama kamar an ɗora.

Wannan wahalar ta fatarmu a gaban kyamara ba yau ta fara ba. Tun shekarun 1950 ɗakunan wankin hoto suke daidaita injinansu da katin gwaji na Kodak mai ɗauke da hoton Baturiya, wanda aka fi sani da katin Shirley, kuma sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fitar da mai ɗauke da mata masu launin fata daban-daban. Yawancin lut da yaranmu ke saukewa ma a kan farar fata aka gwada su. Irin mai tura inuwa zuwa shuɗi-kore yana ƙawata Bature, saboda fuskarsa a sashen haske take. Fuskar angonmu a sashen inuwa take, ita lut ɗin ke rinawa.

Haɗa kyamarorin biyu bai ɗau lokaci ba bayan haka. Na raba allo biyu, fuska ɗaya daga kowace kyamara, na ga ta biyun jan nata ya fi kauri, na rage.

Dina

A nan ne muka ci rabi muka bar rabi. A fareti shuɗin ya buga rufi ya kwanta shamal a 1,023, koren kuma yana can ƙasa cikin yashi, wato tsaki-tsakin da ke tasowa a hoto inda haske ya yi ƙaranci. Magudanar da ta buga rufi bayaninta ya tafi, ko ka sauko da ita faffaɗan tabo za ka samu. Dabarar da ta rage ita ce mahaɗin magudanai, inda ake ara daga wata a zuba a wata. Na rage abin da shuɗin ke ɗauka daga kansa zuwa kusan rabi, na cike gurbin daga kore da ɗan ja, ina lura jimillar ta tsaya a 1 don kada fari ya gurɓace. Abin da ya sa wannan ke yiwuwa shi ne, a tsarin Rec. 709 da muke fitar da bidiyo a kai, kusan kashi 72 cikin 100 na hasken hoto daga kore yake zuwa, kashi 21 daga ja, shuɗi kashi 7 kacal. Kana iya yi wa shuɗi aika-aika hasken fuska bai motsa sosai ba.

Inda fitilar mai ɗauka ta samu fuskokinsu, fatar ta dawo kusa da layi. Wajen yanka kek kuwa, inda shunayyar ta doke su kai tsaye, ba abin da ya dawo. Na gwada tilastawa, ango ya koma kalar tukunyar ƙasa. Na janye. Duk wanda ya je dinar ya san ɗakin shunayya ne, don haka na bar shi shunayya, na rage ƙarfinta kawai har idanu da haƙora suka fito.

Shi ango ba ɗaga inuwa yake buƙata ba. Ɗaga inuwa shi ke mai da baƙi toka. Na kafe ƙasan lanƙwasar haske a inda yake, na ɗaga sashen da ke sama da shi kaɗan, inda kumatu da goshi suke, na sauko da can sama saboda shadda. A kyamara ta ɗaya aikin wuyan rigar ya dawo, ashe yaron ne ya ƙone shi. A ta biyu tun wajen ɗauka ya ƙone, sai muka sauya wasu ɗaukar da na ta ɗayan. Yashin launi da ya taso a wurare masu duhu na kwantar da shi ta hanyar rage ƙarfin kala a can ƙasan inuwa, tunda babban mai share yashi yana siga ta kuɗi.

Goggo

Ranar Asabar yayan ya dawo, wannan karon da goggonsu da amaryar kanta. Ashe goggon ce ta ce a haska. Na ba ta kujera muka gaisa. Ta ce, "Ɗan nan, ni dai abu ɗaya na ce. Bidiyon nan har Kano da Abuja za a kai wa dangin miji. A haska min ita."

Na ce, "Hajiya, Allah ya ƙara girma, bari in nuna miki uku ki zaɓa."

Na riga na shirya hoto ɗaya daga kamun a siga uku. Na farko na yaron ne. Na biyu gyaran da na bayyana, ba ƙarin haske ko kaɗan. A na uku na ɗaga tsaka-tsakin fuskarta da abin da bai kai rabin mataki na buɗin kyamara ba, na kuma rage hasken abin da ke kewaye da ita, katanga da kujeru da anko na ƙawaye, da wata babbar taga mai laushin gefe. Ido yana auna haske ne da na kusa da shi. Ka duhunta gefe, tsakiya ta haska ko ba ka taɓa ta ba.

Ban gaya mata wanne ne wanne ba. Ta kawar da na farko da hannu, ta ce wannan ai mara lafiya ce. Ta daɗe tana duban sauran biyun, sannan ta ɗora yatsa a kan na uku. "To ai ga shi ta haska. Me ya hana a yi haka tun farko?"

Amaryar ba ta ce komai ba sai da ta ciro wayarta, ta buɗe hoton da aka yi mata ranar da aka gama gyaran jiki, a bakin taga da safe, ta kara shi kusa da allon. Kalar ɗaya ce. Ta ce a hankali, "Goggo, wannan ɗin ni ce."

A ra'ayina yawancin masu cewa a haska ba farar fata suke nema ba, ko da su ma haka suke zato. Fuskar suke so ta fito, a ga ido, a ga murmushi, ba datti a launin. Akwai kuma masu nufin farin da gaske, na sha gamuwa da su, kuma nakan gaya musu abin da zai biyo baya: wuya da hannu za su tona asiri, wanda ke tsaye kusa da ita kuma zai koma toka.

Na fitar da bidiyon, na duba shi a waya uku, Tecno ɗin yaron da Samsung ɗin yayan da iPhone ɗin amarya, don a waya za a fi kallonsa, kuma kowace da yadda take nuna ja. Na ce idan za su tura guntaye ta WhatsApp su tura a matsayin fayil, domin turawar bidiyo ta yau da kullum tana matse shi, kuma wurare masu duhu ne ke fara farfashewa. Masu ɗaukarmu kuma yanzu kowa da farar takarda a jakarsa, a ɗaga ta a gaban fuskar amarya na daƙiƙa biyar kafin a fara, a tsayar da fari da hannu, a kuma roƙi masu ɗakin taro su kawar da fitila mai launi daga kujerar ango da amarya.

Har sun kai bakin ƙofa goggon ta juyo. "Ɗan nan, wurin da nake liƙi fa? Na ga kamar ni ma na yi duhu a wajen."

Na ce yaron ya jawo mata kujerar, muka koma minti na 38.